Mai Karanta wa Kaka Wasiƙa

Shekarar da aka mayar da ni makarantar firamare da ke gefen Birchi, aji shida aka ba ni. A Dutsin-Ma nake aure, saboda haka kullum da safe sai in fito bakin titi in jira motar da za ta yi Kurfi, in sauka a Birchi, in ƙarasa da ƙafa ta cikin gonaki. Lokacin damina ta yi nisa, gero ya rufe hanya har ba a hango rufin makarantar, hayaniyar yara ce ke nuna wa mutum inda take.

A zangon farko muka zo kan darasin wasiƙa. Yaran sun riga sun san inda ake sa adireshi da kwanan wata, sun haddace "bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri". Abin da ya rage shi ne irin wasiƙar da ake rubutawa don a shawo kan mutum ya yi wani abu, ko ya bar wani abu. Littafinmu ya kawo misali guda, wani ɗalibi ne ya rubuta wa mai gari yana roƙon a gyara hanyar makarantarsu. Na sa suka karanta ɗaya bayan ɗaya. Sun karanta da kyau, har da masu jan murya irin ta masu labaru a rediyo. Da suka gama na ce, "To, me yaron nan yake so?"

Suka dubi juna. Can wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, so yake ya gaida mai gari."

Sauran suka gyaɗa kai, sun yarda da shi. Ban ga laifinsu ba, don rabin wasiƙar gaisuwa ce. Sun iya furta kowace kalma, amma ba su ji cewa akwai mutum a bayan takardar da ke jan su zuwa wani wuri ba.

Washegari na ce kowa ya rufe littafinsa. Na tambaye su wa ya taɓa son zuwa biki ko kallon kasuwa, aka ce ba ya zuwa. Ba wanda bai ɗaga hannu ba. Na ce to, yaya kuke yi har a bar ku?

Nan fa baki ya buɗe. Wata ta ce ita ba ta tambaya sai ta gama shara da wanke-wanke, ta cika randa fal, sannan ta je ta zauna kusa da innarta tana yi mata fifita. Wani ya ce shi jira yake sai babansa ya ci tuwo ya sha ruwa. Wani ya ce cewa yake duk sa'o'insa za su je, shi kaɗai za a bari a unguwa. Wata 'yar ƙarama mai wushirya ta ce, "Ni kuka nake yi, Malama, amma ba da ƙarfi ba. Wanda ake ji kaɗan-kaɗan daga bayan ɗaki."

Sai da na dafa tebur don dariya. Na ce masu, "Ashe duk kun iya abin nan. Shi ne dai aka zuba a takarda. Ku buɗe mu sake gani."

Ba su kai tsakiyar shafin ba wata ta yi tsalle daga benci. "Malama, wannan doguwar gaisuwar, randa yake cikawa!" Wani ya gano inda ɗalibin ya ce ƙananan yara suna faɗawa cikin taɓo, ya ce to ga kukan bayan ɗaki nan. Daga ranar waɗannan suka zama kalmominmu a aji. Nakan rubuto masu wasiƙu daga gida, yau ƙane ne ke son aron keken wansa, gobe ɗiya ce ke son a bar ta ta je hutu gidan goggonta, su kuma su bi su layi-layi suna neman abin da mai rubutun ke so da abin da ya riƙe mai karatu da shi. Wata rana na kawo masu takardar wani mai magani da aka miƙa mani a tasha. Su da kansu suka lura cewa sai da ya lissafa cututtuka har cikin mutum ya ɗuri ruwa, sannan ya ambaci maganinsa. Wani yaro ya ce, "Wannan bai cika randa ba, Malama, tsoratarwa ya fara da ita."

A cikin ajin akwai wata yarinya doguwa, siririya, mai zama kusa da taga. Ba ta cika magana ba, amma rubutunta ya fi na kowa tsabta. Na san cewa a hannun kakarta take, mahaifiyar babanta. Uban yana Kaduna yana aikin walda, tun tana ƙarama ya kawo ta don ta ɗebe wa tsohuwar kewa bayan rasuwar mijinta, wanda malamin allo ne sananne a wajen.

Wata rana bayan an tashi, ina haɗa takarduna, na ga ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta. Na ce ta shigo. Ta ciro wata takarda a ninke daga cikin jakarta, ta riƙe ta da hannu biyu.

"Malama, Kaka ce ta ce in roƙe ki, in kin samu hali ki zo ki karanta mata wannan. Baba ne ya aiko. Na karanta mata, amma ta ce wai ƙari nake yi."

"Ƙari kamar yaya?"

"Wai Baba ba ya magana mai tsawo haka."

Na tambaye ta me ya sa bai kira Kaka a waya ba. Ta ce yana kira, amma da Kaka ta ji muryarsa sai ta ce lafiya lau, lafiya lau, ta miƙa wa wani wayar. Shi ne ɗanta na fari. Nan na gane. Tsofaffinmu da kunyar ɗan fari, ba a faɗin sunansa, ba a doguwar hira da shi, ko ido ba a cika haɗawa ba. Da ya rasa yadda zai yi maganarsa ta kai ƙarshe, sai ya rubuto, ya ba wani direba ya kawo.

Ranar muka tafi tare. Gidan yana bakin gari, an jingine damman gero a jikin katanga ana jiran a sa su rumbu. Muka tarar da tsohuwar zaune kan tabarma a inuwar darbejiya, da ƙwarya a gabanta, tana ɓarar gyaɗa. Hannuwanta suna aiki da sauri, fuskarta kuwa tana kallon wani wuri can sama da kaina. Da na durƙusa na gaishe ta na ga idanun. Yanar ido ta rufe su duka biyun, sun yi fari kamar an ɗiga masu nono.

"Malama ce? Lale, lale. Kin sha rana. Ƙawata, ɗauko mata fura a ɗaki." Haka take kiran jikar, ƙawata. Ta laluba ta gyara mani gefen tabarma. "Ki yi haƙuri na taso ki. Yarinyar nan tun da kuka fara koya masu dabarun takarda na daina yarda da ita."

Na sha fura, na buɗe takardar. Rubutu ne na wanda ya bar makaranta da wuri, manya-manyan baƙaƙe, an danna biro sosai. Ya fara da gaisuwa da neman albarka, ya gaida maƙwabta gida-gida, ya tambayi gona, ya tambayi awaki. Sannan ya ce an gaya mashi ta kusa faɗawa rijiyar gidan, kuma tun ranar barcinsa bai cika ba. Ya ce ya yi tambaya, aikin yanar ido ba wani abu ba ne yanzu, ana yi a Katsina, mutum ya dawo gida yana gani, zai aiko da mota a kai ta. Ya ce mutanen gari da ke zuwa Kaduna suna yi mashi wani irin kallo, kamar wanda ya yar da uwarsa. Daga nan akwai wasu layuka kaɗan, sai sallama.

Na karanta duka ban tsallake komai ba. Ta saurara, hannunta bai daina ɓara ba. Da na gama ta ce, "To. Ashe ban yi ma ƙawata adalci ba, haka ta karanta." Sannan ta juya wajen da take jin numfashin jikar. "An ce Malama na koya maku ganin cikin takarda. To gaya mani, mi ke cikin wannan?"

Yarinyar ta dube ni. Na miƙa mata takardar, na ce ta faɗi abin da ta gani kamar yadda muke yi a aji.

Ta fara a hankali. "Abin da Baba yake so shi ne ki yarda a yi maki aiki. Amma bai fara da shi ba. Sai da ya gaida kowa har awaki, don ki saki jiki. A ajinmu muna ce ma wannan cika randa."

Tsohuwar ta tsaya da ɓara. "Cika mi?"

Aka yi mata bayani. Ta fashe da dariya har tana tari.

"Sai kuma maganar rijiya," in ji yarinyar, muryarta ta fara ƙarfi, "don ki ji tsoro. Sai maganar mutanen gari, don ki ji tausayinshi. Wannan shi ne kukan bayan ɗaki."

"Wallahi shi ne! Haka wancan yake tun yana ɗan mitsitsi. In yana son abu, bayan rumbu yake zuwa ya yi ta shan majina sai an ji." Tana dariya tana share ido da bakin zane. Ni ma na ji daɗi, na ga darasina ya fita daga aji ya shigo gida.

Amma yarinyar ba ta ninke takardar ba. Ta sa yatsa a kan layukan nan na kusa da ƙarshe. Ta ce, "Saura nan. Nan ban san sunan da zan ba shi ba."

Ta sake karanta wurin. Uban ya rubuta cewa ranar da ya zo gaisuwar sallah ya durƙusa a gaban tsohuwar, ita kuma ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa tana tambaya ɗan wane ne wannan. Ya ce tun da ya yi wayo ba ta taɓa taɓa fuskarsa ba sai ranar, kuma ta taɓa ne don ba ta san shi ba ne. Da ya yi magana ta gane muryar, sai ta janye hannun. Daga nan bai ƙara komai ba, bai ce saboda haka ki yarda ba, sai kawai ya yi sallama.

"Nan ba dabara ya yi ba, Kaka," in ji yarinyar. "Ina ga abin ne ya tsaya mashi a rai, ya faɗa."

Tsohuwar ta saki gyaɗar da ke hannunta. Wata kaza ta zo tana tsintar gyaɗa a bakin ƙwarya, tsohuwar ba ta kore ta ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don a duk wasiƙun da na rubuto masu daga gida ban taɓa sa irin wannan wurin ba. Na koya masu su gane inda ake jan su, ita kuma ga shi ta gano inda mutum ya ajiye ja ya faɗi abin da ke cinsa.

Can tsohuwar ta ce, "Malama, ke ba baƙuwa ba ce yanzu, kin sha furar gidan nan. Malam da ƙafarshi ya shiga mota zuwa asibiti. Ciwon ma ba wani mai yawa ba. Har yana ce mani in ajiye mashi fura, da la'asar yana nan. Furar na nan cikin ƙwarya har ta yi tsami. A kwance aka dawo da shi. Ba laifin kowa, kwana ne ya ƙare. Amma ni in na ji an ce mota, an ce Katsina, ƙwaryar nan nake gani, ita kam ba sai da ido ba."

Na ce, "Kaka, kin gaya mashi haka?"

"In gaya ma wa? Wancan? Haba Malama."

Sai ta gyara zama, ta ce a ɗauko biro da takarda, ita ma za ta mayar da amsa. Ta ce tun da dabara ake yi, ba a fi ta iyawa ba. Ta yi ta zuba gaisuwa, ta gaida matarsa da yara da abokan aikinsa da ba ta taɓa gani ba, sannan ta tsaya ta ce, "Ƙawata, randar ta cika?" Yarinyar ta ce ta cika. Sai ta ce a rubuta cewa gyaɗarta ba ta gama ɓaruwa ba, akuyarta tana da tsohon ciki, idon ba ya yi mata ciwo, Allah ya ba ta shi ta yi amfani da shi shekaru masu yawa, ba ta da bakin ƙorafi. A rubuta ba za ta je ba, kuma Allah ya yi mashi albarka. Maganar Malam ba ta sa ba. Yarinyar ta rubuta duka, ta cije leɓe, ba ta ɗago kai ba.

Da safe kafin a shiga aji ta same ni a gindin bishiyar da muke taron safe. Idanunta sun nuna ta yi kuka.

"Malama, in mutum yana rubuta ma wani wasiƙa, ya canza kalma ɗaya tak, ya yi laifi?"

"Wace kalma?"

"Inda ta ce ba za ta je ba. So nake in sa za ta yi shawara."

Na zaunar da ita kusa da ni. Na ce mata bakin Kaka aka ba ta amana, in ta canza, ko da alheri take nufi, ta zama mai ƙarin da aka zarge ta da shi, kuma ranar da Kaka ta gane ba za ta sake yarda da karatunta ba. Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Na ce, "Amma ke ma kina da baki. Ba wanda ya hana ki rubuta taki, da sunanki a ƙasa."

Ta yi ta rubutawa tana yagewa. Wadda ta fara kawo mani cike take da duk abin da muka koya. Ta cika randa har ta zuba, ta ƙara wa rijiyar zurfi, ta ce ita ma ta daina cin abinci, alhali na ga ta tana cin ɗanwake a hutun ƙarfe tara. Na karanta, na yaba mata tsarin. Sannan na tambaye ta, a duk wasiƙar babanta, wane wuri ne ya sa Kaka ta daina ɓarar gyaɗa ta yi shiru? Ta daɗe tana kallon takardarta. Ta karɓa ta koma wurin zamanta.

Wadda ta kawo daga baya gajera ce. Har yanzu ina iya tuna yawancinta. Bayan gaisuwa ta ce: "Baba, Kaka ba taurin kai take yi ba. Tsoro take ji saboda yadda Malam ya tafi bai dawo ba, kuma ka san ba za ta iya gaya maka ba. Kada ka aiko da mota, kada ka aiko kowa. Ka zo da kanka ka zauna kusa da ita ko da ba za ta yi maka magana ba. Nakan gan ta ta buɗe Alƙur'aninta tana shafa takardun da hannu, ta rufe ta mayar cikin gafaka. Akuya kuma ni zan kula da ita."

Ban gyara mata ko wasali ɗaya ba. Na ce ta kai wa direban tare da ta Kaka. Sai ta ce a'a, sai ta karanta wa Kaka tukuna, tun da maganarta ce a ciki, kada a ce ta kai ta ƙara a ɓoye. Wannan ba ni na koya mata ba.

Washegari na tambaye ta yadda suka yi. Ta ce Kaka ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni dai ban aike ki ba. Amma takardarki ce, ban hana ki ba."

Sauran labarin daga bakin yarinyar na ji shi, kaɗan-kaɗan, a lokutan tara. Uban bai mayar da amsa ba. Ana nan sai ga shi da 'yar jakarsa. Ya gaida uwarsa daga nesa kamar yadda ya saba, ta amsa tana kallon gefe. Bai ambaci asibiti ba. Ya sa gero a rumbu, ya haɗa wa rijiya murfin ƙarfe, sannan ya ɗauko wata ƙwarya ya zauna a can ƙarshen tabarmar yana taya ta ɓarar gyaɗa. Haka suka yi kwanaki, ita a wannan gefe, shi a wancan, ba mai ce wa wani komai sai ta bakin yarinyar. "Ƙawata, tambayi baƙon nan ko ya ci abinci." "Ce ma Inna na ci." A cikin kwanakin akuya ta haihu, shi ya ɗaura mata 'yar rumfa.

Ranar da buhun gyaɗa na ƙarshe ya ƙare, tsohuwar ta kakkaɓe zanenta, ta ce, "Ƙawata, gaya ma baƙon nan, in motar safe ce, to. Amma da ke za a je. Kuma kada kowa ya ajiye mani fura."

Uban da kansa ya zo makaranta neman wa yarinyar izini. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon wuta, yana magana yana kallon ƙasa. Hedimasta ya ba da izini. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar ajina ya ce, "Malama, an gode. Ni ban san yarinyar nan ta yi hankali haka ba." Na ce mashi ni ma ban sani ba sai yanzu.

Kwanakin da ba ta nan, bencinta na kusa da taga ya yi mani faɗi. 'Yan ajin sun san abin da ake ciki, kullum sai wani ya tambaya ko an ji labari. Muka ci gaba da darasi, amma na canza wasiƙun da nake rubuto masu. Na fara sa wa kowace wani wuri da mai rubutun ke faɗin gaskiyar ransa ba tare da dabara ba, in ce su nemo shi. Wani lokaci su samu, wani lokaci su yi ta gardama, wasu su ce gaskiya ce, wasu su ce kukan bayan ɗaki ne da ya ƙware. Nakan bar su su yi, don ni kaina ba kullum nake da tabbas ba.

Da ta dawo, tun daga bakin gonaki na hango ta tana gudu, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ido ɗaya aka yi wa aiki, na dama. Ta ce da aka zo cire bandeji, Kaka ta riƙe hannunta gam har sai da ya yi mata zafi. Aka cire. Ta yi ta ƙifta ido, ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta ce, "Ke, yaushe kika yi wannan tsawo? Wa ya ba ki izini?" Sannan ta juya, ga ɗanta tsaye a gindin gado. Ta dube shi sau ɗaya, kallo sosai, ta kau da kai da sauri. Ta jawo yarinyar ta raɗa mata a kunne, "Ashe har ya yi furfura." Uban ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba.

Ido na biyu kam ba a yi shi ba. An ce ta koma bayan wani lokaci, ta ce ɗaya ya ishe ta ganin baƙi da ganin hanyar makewayi, ɗayan a bar mata shi ya huta. Ɗan ya yi magana, jikar ta yi, ni ma na sa baki, ba ta motsa ba. Muka haƙura. Da tabarau da aka ba ta ta koma karatunta na safe, har matan unguwa suka dawo ɗaukar darasi a wurinta kamar da.

Wajen ƙarshen zangon, an gama girbi gonaki sun buɗe, muna cikin aji na ga yara suna leƙen taga. Tsohuwar ce ke tahowa ita kaɗai, da baƙin tabarau, da ɗan ƙunshi a hannu. Na fita na tare ta. Ta ɗaga tabaran ta tsaya tana duba na, har na fara jin kunya.

"Na zo in ga mai muryar," in ji ta. "Yo ashe ke 'yar ficiciya ce. Ina jin ki na ɗauka wata gandamemiyar mace ce. Ba ki cin abinci halan?"

Ta miƙa mani ƙunshin, daddawa ce da ta yi da hannunta. Na shigo da ita aji, yara suka miƙe suka gaishe ta baki ɗaya, ta amsa tana bin fuskokinsu ɗaya-ɗaya, tana gane wasu da kamannin iyayensu. Ta dubi allo ta girgiza kai, ta ce wannan rubutu namu da ke farawa ta hagu kamar mai tafiya da baya yake. Sannan ta ce a nuna mata hannun ƙawarta. Yarinyar ta kawo littafinta ta buɗe. Tsohuwar ta karɓa ta riƙe shi a juye, ƙasa a sama, ba wanda ya gyara mata. Ta kai shi kusa da idon nan mai gani, ta bi layukan a hankali da yatsa.

"Baƙaƙenki sun tsaya da kyau," ta ce. "Ba su jingina da juna ba."

Ta mayar mata, ta yi mana addu'a mai tsawo, yara suna amsawa da amin. Na ce jikar ta raka ta gida, ta ce a'a, a bar ta ta yi karatu, ta san hanya. Muka tsaya a bakin ƙofa ni da yarinyar muna kallon ta tana ratsa gonaki, tana tsayawa nan da can ta duba wani abu a ƙasa ko a sama, sannan ta ci gaba.